Auna zaizayar gaɓar teku da leza daga cikin jirgin ruwa

Tambaya: "Ina aiki a sashen da ke lura da gaɓar teku, kuma shekara da shekaru muna auna zaizaya da tef daga turakun da muka kafa a saman gaɓa. Yanzu an kawo mana shawarar mu ɗauki hayar jirgin ruwa mai ɗauke da na'urar leza, ya riƙa bin gaɓar yana aunawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa zai ba da awo na santimita? Kuma shin wannan hanya ta fi jirgin sama marar matuƙi ko hoton tauraron ɗan'adam?"

Malam, tambayarka ta taɓo abubuwa biyu, wato amincin awon da ake ɗauka daga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, da kuma dacewar wannan hanya da irin gaɓar da kuke lura da ita. Shakkar da ka nuna tana kan hanya, domin a wannan aiki na'urar leza ita ce ɓangaren da ya fi sauƙi, wahalar duka tana wajen sanin inda jirgin yake da yadda ya karkata a daidai lokacin da haske ya fita. Idan an shawo kan wannan, hanyar tana ba da awo mai kyau ƙwarai a gaɓar da take tsaye kamar bango, amma a shimfiɗaɗɗen rairayi amfaninta kaɗan ne.

Kafin in shiga batun na'ura, ya kamata in ce awon tef da kuke yi ba abin rainawa ba ne. A gaɓar Holderness da ke gabashin Ingila, wadda tana cikin waɗanda suka fi saurin zaizaya a Turai, da irin waɗannan turaku aka riƙa awo tun shekarun 1950, kuma tarihin da suka tara yana cikin abin da ya tabbatar da cewa gaɓar tana ja da baya kusan mita 2 a shekara idan aka yi ƙiyasi na tsaka-tsaki. Raunin tef shi ne leɓen sama kaɗai yake gani, kuma a wurin da turke yake kaɗai. Ita kuwa doguwar gaɓa ba daga sama take fara lalacewa ba. Igiyar ruwa tana sassaƙe gindinta har ta yi kogo, ruwan sama yana ratsa tsagogi ya ƙara wa ƙasar nauyi ya kuma rage mata ƙarfi, sannan wata rana babban yanki ya rufto. Ɓaraguzan da suka zubo sukan kare gindin na ɗan lokaci, har igiyar ruwa ta kwashe su a koma farko. Saboda haka leɓen sama yana iya yin shekara biyar bai motsa ba, sannan ya ja da baya mita 10 cikin dare ɗaya, kuma mai tef zai rubuta sifili sau biyar alhali ana cin gaɓar daga ƙasa. Wannan fuskar bangon, daga gindi zuwa leɓe, ita ce abin da ake shiga jirgi domin a gani.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar tana harba ɗan guntun haske, hasken ya daki dutse ko ƙasa ya dawo, ita kuma ta lissafa lokacin da ya ɗauka. Da yake haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan, bangon da ke nesa da mita 150 zai mayar da shi cikin kashi ɗaya daga miliyan na sakan. A cikin na'urar akwai madubi mai juyawa wanda yake watsa hasken daga ƙasa zuwa sama, saboda haka kowane juyi yana zana layi ɗaya a tsaye a jikin gaɓar, tafiyar jirgin kuma ita ke jera layukan ɗaya bayan ɗaya. Na'urorin zamani suna harba dubban ɗaruruwan haske a sakan guda, kuma abin da ake samu a ƙarshe tarin ɗigogi ne masu ɗimbin yawa, kowane ɗigo da matsayinsa na gabas, arewa da tsawo. Idan aka buɗe su a kwamfuta mutum zai ga siffar gaɓar da kogunanta da tsagoginta, yana juya ta yadda ya so.

Amma ita na'urar abu biyu kawai ta sani: nisan abin da ta daka, da kusurwar da madubinta yake a lokacin. Ba ta san inda take a doron duniya ba, kuma ba ta san jirgin ya karkata ba. Wannan aikin wasu na'urori biyu ne. Ta farko ita ce mai karɓar saƙon taurarin ɗan'adam, wato GPS ta Amurka da takwarorinta, Galileo ta Turai, GLONASS ta Rasha da BeiDou ta Sin. Irin wadda ke cikin wayar hannu tana kuskure da mitoci, don haka ake kafa wata a kan tudu bisa alamar safiyo da aka san matsayinta, a yi amfani da ita wajen gyara ta cikin jirgi, ko dai nan take ko bayan an dawo ofis, har kuskuren ya sauko zuwa santimita kaɗan. Ta biyu ita ce na'urar jin motsi, wadda take auna tangaɗin jirgin gefe da gefe, da ɗagawa da sunkuyawar goshinsa, da inda ya fuskanta, sau ɗari ko fiye a kowane sakan. To amsar tambayarka ta farko ke nan: ba hana jirgin jijjiga ake yi ba, auna jijjigar ake yi a cire ta a lissafi.

Inda kuskure yake shigowa

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne ake rabuwa tsakanin aiki mai kyau da hoto mai ban sha'awa wanda ba ya da amfani. Kuskuren kusurwa yana girma gwargwadon nisa. Idan na'urar jin motsi ta yi kuskure da kashi ɗaya cikin goma na digiri, kuma gaɓar tana nesa da mita 200, ɗigon zai sauka kusan santimita 35 daga inda ya kamata. Idan kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari ne na digiri, zai koma santimita 3 da rabi. Bambancin waɗannan biyun shi ne bambancin na'ura mai araha da mai tsada, kuma shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata cewa ya fara tambayar ɗan kwangila irin na'urar jin motsin da yake da ita kafin ya tambaye shi irin lezarsa. Haka kuma shi ya sa matuƙi yake ƙoƙarin matsawa kusa da gaɓa iyakar abin da zurfin ruwa da duwatsun da ke ɓoye suka yarda, don kowace mita da aka rage a nisa ragi ce a kuskure.

Na biyu shi ne agogo. Na'urorin nan uku dole su yi aiki da lokaci ɗaya. Ka ɗauka jirgin yana tafiyar kilomita 9 a awa, wato mita 2 da rabi a sakan. Idan agogon leza ya saɓa da na sauran da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, tafiyar kaɗai ta jawo kuskuren santimita 2 da rabi, wanda ana iya haƙuri da shi. Amma idan a daidai lokacin jirgin yana tangaɗi da saurin digiri 5 a sakan, wannan ɗan saɓanin ya zama kuskuren kusan santimita 17 a nisan mita 200, kuma yana sauya hannu duk lokacin da jirgin ya karkato ɗaya gefen. Alamarsa a kwamfuta ita ce bango miƙaƙƙe ya fito yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa.

Na uku shi ne yadda aka ɗaura na'urorin a jikin jirgi. Tazarar da ke tsakanin eriyar tauraron ɗan'adam, na'urar jin motsi da leza dole a auna ta da kayan safiyo, sannan a gano ɗan karkacewar da ke tsakaninsu, domin babu hannun da zai ɗaura su su fuskanci wuri ɗaya daidai. Ana gano wannan ta hanyar bin wani gini mai kusurwoyi, kamar bangon tashar jiragen ruwa, daga hagu da dama, daga kusa da nesa, a gyara lissafi har hotunan su hau kan juna. Duk lokacin da aka kwance na'ura aka sake ɗaurawa, sai an maimaita wannan saitin.

Na koyi muhimmancin hakan ne da wuya. A wani aiki da muka yi, mun koma wata gaɓa bayan wata shida, muka gwama sabon awo da tsohon, sai sakamako ya nuna saman bangon ya ja da baya da kusan taƙi ɗaya a tsawon wurin baki ɗaya, gindin kuwa bai motsa ba. Mun kusa rubuta rahoto a kan haka, sai wani abokin aikina ya lura cewa wata tsohuwar hasumiyar kankare da ke saman gaɓar ita ma ta ja da baya daidai gwargwado, kuma ta ɗan jingina. Da muka bincika, ashe an cire sandar da ke riƙe da na'urar domin yi wa jirgin gyara, aka mayar da ita ba tare da an sake saiti ba. Tun daga ranar ban taɓa karɓar awo ba sai na fara duba abubuwan da na san ba sa motsi, kamar bangon kankare, matakala, ko dutse mai tauri wanda igiyar ruwa ba ta ci, kuma inda babu irinsu mukan kafa alamomi mu auna su da kayan safiyo na tudu.

Akwai kuma wata matsala da take zuwa daga gaɓar kanta. Doguwar gaɓa tana tare rabin sararin sama, saboda haka idan jirgi ya matsa kusa, taurarin da eriya ke gani sukan ragu, wasu saƙonnin kuma su daki dutse kafin su iso. Ka ga ke nan matsowa tana rage wani kuskuren tana ƙara wani, kuma samun nisan da ya dace abu ne na gwaji a kowane wuri. Idan komai ya tafi daidai, a ranar da teku ta lafa, abin da ya kamata ka sa rai shi ne kuskuren santimita kaɗan zuwa kusan 10 a kowane awo. Wanda ya yi maka alƙawarin milimita daga cikin jirgi, adadin da ke rubuce a takardar leza yake karanta maka, wanda na na'urar ne ita kaɗai a tsaye.

Wace gaɓa ce ta dace da shi

Jirgin ruwa yana kallon gaɓa daga gefe, kuma wannan shi ne ƙarfinsa da rauninsa gaba ɗaya. Jirgin sama mai leza yana kallo daga sama, don haka yana ganin tudu da rairayi da kyau, amma ɗigoginsa a jikin bango tsayayye kaɗan ne, kogon da ke gindi kuwa ba ya ganinsa sam. Leza mai ƙafa uku da ake kafawa a kan rairayi ta fi kowace daidaito, sai dai tana cin lokaci, tana buƙatar wurin tsayawa idan ruwa ya janye, kuma tana sa ma'aikata tsayawa a ƙarƙashin bangon da ake tsoron ruftawarsa. Jirgin ruwa yana iya bin kilomitoci da dama a yini ɗaya, har wuraren da ƙafa ba ta kaiwa, ba tare da kowa ya kusanci gindin ba.

A shimfiɗaɗɗen rairayi lamarin ya juye. Idan na'urar tana sama da ruwa da mita 4 kuma tana hangen yashi mai nisan mita 200, hasken yana sauka ne a kwance, da kusurwar da ba ta wuce digiri ɗaya da kaɗan ba. Ɗigon hasken da faɗinsa zai zama kamar santimita 6 a jikin bango sai ya miƙe ya kai kusan mita 3 a kan yashi, kuma duk ɗan tudun da ke gaba yana ɓoye abin da ke bayansa. Jiƙaƙƙen yashi kuma yana mayar da haske kaɗan, domin lezar da ake amfani da ita a tudu irin hasken nan ne da ido ba ya gani, wanda ruwa ke shanyewa. A irin wannan wuri jirgi marar matuƙi mai kyamara, ko leza a kan mota idan ruwa ya janye, ya fi dacewa kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Hoton tauraron ɗan'adam kuwa aikinsa daban ne. A hotunan Landsat kowane ɗigo yana wakiltar mita 30, a na Sentinel-2 mita 10, kuma ana samun su kyauta. Da irinsu aka yi binciken da ya fito a 2018, wanda ya duba hotunan 1984 zuwa 2016 ya gano cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na gaɓoɓin yashi na duniya suna zaizayewa fiye da rabin mita a shekara. Inda canji yake da girma sun wadatar: mashigar da aka haƙa a zirin yashin da ke gaban birnin Sanluwi na Senegal a 2003 faɗinta mita 4 ne a farko, daga baya ta buɗe ta kai kilomitoci, kuma babu mai buƙatar leza kafin ya ga wannan. Amma kogon da ya shiga gindin dutse da rabin mita ba zai taɓa fitowa a irin wannan hoto ba.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa

Babbar fa'idar jirgin ruwa da ba a cika ambata ba ita ce yana iya ɗaukar na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa a lokaci guda, kuma duka biyun su yi amfani da na'urorin matsayi iri ɗaya. Ita wannan sauti take aikawa, wanda ke tafiyar kusan mita 1,500 a sakan cikin ruwan teku, ta zana ƙasan teku kamar yadda leza ke zana gaɓa. Muhimmancin hakan shi ne ƙasar da ta zubo daga bango ba ɓacewa take yi ba, tana taruwa a gindi ko igiyar ruwa ta ja ta gefe, kuma zurfin ruwan da ke gaban gaɓa shi ke ƙayyade ƙarfin igiyar da za ta iso ta. Sai dai tsakanin inda leza ta tsaya da inda amsa-kuwwa ta fara akan bar wani ziri da babu awo. Dabarar da muke yi ita ce mu auna zurfi idan teku ta cika, mu dawo bayan kamar awa shida idan ta janye mu auna gaɓa, kuma mu zaɓi kwanakin tsayuwar wata ko cikarsa, lokacin da tazarar cika da janyewa ta fi yawa. Inda wannan tazara ba ta da yawa, zirin ba ya rufewa, sai a cike shi da leza mai koren haske daga sama, wadda ke ratsa ruwa idan yana da haske amma ba ta aiki a gurɓataccen ruwa.

Gwama awo da awo

Awo ɗaya siffa kawai yake nunawa, sai an sami na biyu ake maganar zaizaya, kuma a nan kuskuren awo biyun yake haɗuwa. Idan kowanne yana da kuskuren santimita 5, lissafin da aka saba yi yana nuna cewa canjin da bai kai kusan santimita 14 ba, ba za a iya rantsuwa a kansa ba. A gaɓar yumɓu mai ja da baya mita ɗaya ko biyu a shekara wannan ba komai ba ne. A dutse mai tauri wanda ke cinyewa da milimita kaɗan a shekara, za ka yi shekaru kana biyan kuɗin jirgi ba ka ga komai ba sai manyan duwatsun da suka faɗo. Gwamawar kuma dole a yi ta ta fuskar bangon, ɗigo da ɗigo, domin idan aka mayar da awon taswira irin ta kallo daga sama, koguna da leɓunan da suka leƙo duk sun ɓace. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CloudCompare da ke yin wannan aiki, kuma ma'aikatanku za su iya koyonta. Kafin gwamawa sai an share ciyayi, tsuntsaye da feshin ruwa daga ɗigogin, kuma ya fi kyau a riƙa awo a lokaci ɗaya na shekara, don kada ganyen da ya tsiro ko ya bushe ya fito a matsayin ƙasar da ta ƙaru ko ta tafi.

Yawan awo ma yana sauya abin da za a gani. Idan sau ɗaya ake yi a shekara, ƙananan ruftawa goma da suka faru a wuri ɗaya za su bayyana kamar babba guda, ɓaraguzan da suka zubo aka kwashe kuwa ba za a san sun taɓa zama ba. A ganina mafi ƙaranci shi ne sau biyu, kafin lokacin guguwa da bayansa, da ƙarin fita bayan duk wata guguwa mai ƙarfi da zarar teku ta lafa.

Dole in faɗi iyakar hanyar da iyakar shawarata. Leza tana nuna inda ƙasa ta tafi da yawan da ya tafi, ba ta faɗin dalili. Ko igiyar ruwa ce, ko ruwan sama da ke ratsa ƙasa, ko wani gini da ya tare yashin da ke zuwa, ko hawan teku wanda ya kai kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, sai an haɗa awon da bayanan ruwan sama, na igiyar ruwa da na irin ƙasar wurin. Haka kuma daga teku ba a ganin tsagogin da ke buɗewa a bayan leɓen sama, waɗanda sau da yawa su ne gargaɗin farko ga gidaje da hanyoyi. Ni kuma ban taka gaɓarku ba, kuma yawancin aikina a dogayen gaɓoɓi na yi shi, don haka hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ya san wurin.

Idan gaɓarku tsayayya ce, doguwa, mai wuyar shiga ta ƙasa, kuma ruwan gabanta yana barin jirgi ya matso, ina goyon bayan ku gwada, amma ku fara da ɗan yanki na kilomita ɗaya ko biyu. Ku sa ɗan kwangila ya bi yankin sau biyu a rana ɗaya, zuwa da dawowa, ya gwama awon biyu a gabanku. Tunda gaɓar ba ta canza ba cikin awa guda, duk bambancin da ya fito kuskurensa ne, kuma wannan adadin ne za ku rubuta a yarjejeniya. Ku kuma sharɗanta ya miƙa muku ɗanyen bayanan duka, da rahoton saitin na'urori, da sunan ma'aunin tsawo da na matsayi da ya yi aiki da su, wato tushen da ya fara ƙirga tsawo da matsayi daga gare shi, domin wanda zai yi awo bayan shekara goma ya iya ɗora nasa a kan wannan. Turakunku kuwa kada ku tumɓuke su. Ku auna matsayinsu da wannan ma'auni ɗaya, ku ci gaba da awon tef a ranakun da jirgi ya fita, saboda su ne za su haɗa sabon awon da tarihin shekarun da kuka riga kuka tara.